Ƙwaron da Ya Cinye Waken 'Yan Makaranta

Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli, kuma mafi yawansu darasin addini nake koyarwa a makarantun firamare na ƙauyukan ƙasar Argungu. Duk yaron da ya bi ta hannuna ya haddace hadisin nan na alamomin munafuki uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Wasu ma da bulala na sa suka haddace shi. A cikin wata uku na ranin 2020 na haɗa dukan ukun a kaina, kuma yaran da nake koyarwa na yi wa. Na daɗe ina juya maganar nan kafin in yarda in rubuta ta. Maiɗakina ce ta ce in rubuta, tunda dai a garinmu babu babban da bai sani ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne kuma manomi. A 1976, da gwamnati ta kawo shirin UPE na firamare kyauta, mai gari ya bi gida-gida yana neman yara. Baba ya ƙi, ya ƙi, da ƙyar ya ba da ni, bisa sharaɗin ba zan taka makarantar boko ba sai na biya allona da asuba, in na dawo kuma in koma. A zaurensa na sauke Alƙur'ani, a nan na karanta Ahalari da Ishmawi. Amma abin da ya fi zama a raina daga gare shi ba a littafi na gan shi ba.

Shekarar yunwar 1984 ne. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya ƙone a tsaye. Wani maƙwabcinmu zai tafi cin rani kudu, ya kawo dami shida na geron bara ya ce Baba ya ajiye masa a rumbunmu. Mutumin ya tafi, wata bakwai babu labarinsa. Mu kuwa muka ci dusa, muka ci tafasa da zogale har bakinmu ya gaji da ganye. Damman nan shida suna jingine a gefe guda na rumbun, Baba ya ɗaure su da igiya daban. Ina da shekara goma sha biyar lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, haushinsa nake ji. Inna ta taɓa ce masa, "Malam, a ɗauki dami ɗaya mana, in an yi kaka a mayar." Ya ce mai shi bai ce ba. Washegari ya saka babbar rigarsa, ya tafi ƙofar mai gari, ya tsuguna cikin mutane ya ce iyalinsa ba su da na yau. Ya dawo da tiya uku ta dawa a habar riga. Ni a lokacin kunya ta ishe ni, malami guda ya je roƙo. Sai da na haura shekara hamsin na gane abin da ya yi a ranar nan.

Na fara koyarwa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai san matsayin malamin addini na firamare ba. Iyaye da yawa ba don lissafi ko Turanci suke turo yaro ba, don sun ji akwai malamin da ke koyar da alwala da hadisi ne. In yarinya ta daina zuwa, ni hedimasta ke aikawa gidansu, don ni uban zai ji kunya. In liman ya yi tafiya, ni ake turawa gaba. Rabon gado in ya tashi, a kira ni in yi lissafi. Girman nan ya yi mini daɗi, kuma a hankali ya zame mini riga da ba na iya cirewa.

Gonar makaranta shawarata ce. Akwai fili a bayan azuzuwa da ya daɗe a saure, na ce a ba manyan yara, 'yan aji biyar da shida, su 41. Na ce da su za mu koyi addini a gona: neman halal, zakkar amfanin gona, cika mudu. A gindin darbejiyar bakin gonar na koya musu cewa abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala ɗaya bisa ashirin, kuma sai ya kai awsuƙi biyar, wato sa'i 300. A nan suka haddace farkon Suratul Muɗaffifina. A daminar 2019 muka shuka wake, iri mai saurin nuna, fari tas. Lokacin hutu ne amma yaran nan ba su fasa ba. Suka yi noman farko, suka yi maimai, suka yi roro da hannunsu har yatsunsu suka yi kanta. Muka sayar da harawa muka biya bashin maganin feshi. Da aka sussuke aka sheƙe, buhu biyar cif.

Ana cikin haka labari ya zo cewa za a dawo da bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris, bayan shekara goma ba a yi ba, kuma da baje kolin kayan noma za a buɗe. Yaran duk bayan bikin ƙarshe suka yi wayo, a bakin iyayensu kawai suke jin sa. Na tsaya gaban aji na ɗaga hannu na yi alkawari: za a ajiye waken har ya yi kuɗi, a sayar, a ɗauki bas biyu, kowa ya je, babu wanda za a bari. Ihun da suka yi har 'yan aji ɗaya suka leƙo. Da yake ɗakin ajiyar makaranta ba shi da ƙofar kirki, hedimasta ya ce a kai waken gidana. Wa za a ba in ba malamin addini ba?

A watan Janairu naƙuda ta kama maiɗakina cikin dare. Haihuwarta ta bakwai ke nan, ba ta taɓa ba mu wahala ba, sai wannan. Har gari ya waye babu labari, jini kuma ya ɓalle. Muka ɗauki mota zuwa babban asibiti. Aka ce sai an yi aiki, a nemo jini leda biyu, a sayo kaza da kaza, aka miƙo mini takarda. Albashina a lokacin bashin banki ya riga ya cinye rabinsa, na aurar da 'yata da kaka. Abin da ke aljihuna bai kai kuɗin jinin ba.

Nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, don nan na faɗi. Ina zaune a kan benci a barandar asibitin nan, na lissafa mutanen da zan iya kira. Hedimasta yana nan. Liman yana nan. Akwai uban wani ɗalibina mai sayar da shanu wanda na san ko dubu ɗari na ce zai kawo. Wayata na hannuna, lambobinsu na ciki. Sai na ji ba zan iya ba. Ni da nake raba wa mutane gado, a ji ni ina cewa a taimaka mini? Gobe in haɗu da su a masallaci da wane ido? Shaiɗan bai ce mini in yi sata ba, ya fi haka wayo. Cewa ya yi aro ne, rai ake ceto, lalura tana halatta abin da aka hana, ƙarshen wata ka mayar babu wanda ya sani. Har ƙa'idar fiƙihu ya kawo mini, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu.

Na kira wani dillali na wani gari. Bayan isha'i ya zo da amalanke ta bayan gida, babban ɗana ya buɗe masa, na ce wa yaron waken wani ne. Buhu huɗu, ya saya a wulaƙance don ya ji muryata ya san a matse nake. Aka yi aikin. Ita ta rayu. Yaron, namiji ne, bai zo da rai ba. Na ɗauko shi a zane muka rufe shi da la'asar.

Mutanen gari suka yi ta zuwa gaisuwa da sannu, wannan ya ajiye ɗari biyar, wannan dubu, mai shanun nan ya aiko da buhun gero. Da na tara abin da aka kawo na sayi ko buhu ɗaya na mayar, da an rage. Magani ya cinye. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, na biyu ma haka.

Da Fabrairu ya kusa ƙarewa hedimasta ya ce lokaci ya yi, a fito da wake a kai kasuwa. Daren nan ban runtsa ba. Da asuba na shiga madafi, na tarar da wani tulu da sauran waken bara a ciki, ya huje sarai, in ka damƙa sai gari da ƙwari su zubo ta tsakanin yatsu. Na cika kwano. Na ɗauka har makaranta, na ajiye a kan tebur gaban hedimasta da yara, na ce ga abin da ya sami buhu huɗu, ɗaya ne kawai ya tsira, sauran na zubar wa kaji. Ban tsaya nan ba. Na yi musu wa'azi a kan ƙaddara. Na ce Allah yakan jarrabi bayinsa da tawayar dukiya da amfanin gona, na ja musu ayar. Hedimasta ya yi salati ya ce Allah ya mayar da alheri. Bai tambayi ko buhunan ba.

Kuɗin buhu ɗaya, da ɗan abin da malamai suka haɗa, bas ɗaya ƙarama ya isa. Yara goma sha biyu. Aka ce ni in zaɓa. Na zaɓa da sakamakon jarrabawa don kada a ce na yi son kai. Akwai wata yarinya 'yar aji shida, ba ta da ƙoƙari a takarda, amma a roro babu wanda ya kama ƙafarta. Da na gama kiran sunaye ba ta ji nata ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na kau da ido.

Ranar tafiya muka fita bayan asuba. Argungu ta cika ta batse, jami'an tsaro ko ta ina, don shugaban ƙasa Buhari ya zo bikin. Muka daɗe a rana, zafin Maris na ƙasar Kabi kuwa ba wasa ba. A hanya na ba su tarihin da na sani, cewa bikin ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa su, wato kamun kifi, a matsayin tarba. Ba su saurare ni sosai ba, idonsu na taga.

Da muka samu shiga filin baje kolin sai yaran suka rikice. Buhunan shinkafa an jibge su sun fi ɗaki tsawo. Albasar Aliero kowace kamar kan jariri. Bijimai masu tozo, raguna da ba su taɓa ganin irinsu ba, busasshen kifi a jere. Suka kewaye wani injin girbin shinkafa suna leƙa cikinsa, mai shi yana gaya musu cewa yana yanka, ya sussuke, ya sheƙe, duk a tafiya ɗaya. Wani yaro ya ce to mata me za su yi ke nan, aka yi dariya. Suka ga famfon ban ruwa da ke aiki da hasken rana, babu fetur, suka yi ta sa hannu a ruwan. Na ɗan manta da kaina a wurin nan, har na ji daɗi.

Sai muka iso wata rumfa ta malaman gona. Wani dattijo mai furfura a gemu yana nuna buhun ajiyar wake, irin wanda ake kira PICS. Ya zaro ledoji biyu masu kauri daga ciki, ya nuna buhun saƙa na waje. Ya ce ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na jikin kwanso. In ka shanya waken ya bushe, ka zuba a ledar ciki, ka matse iska ta fita, ka ɗaure, ka ɗaure ta biyu daban, ka ɗaure na waje, to ƙwaron zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa. Ba ka bukatar bom, ba ka bukatar fiya-fiya. Ya ce saboda irin magungunan nan da ake zuba wa wake ne Turai ta daina sayen waken Najeriya tun 2015, kuma abin da Bature ya ƙi ci shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Sharaɗin kawai, a duba kada leda ta huje, a nisanta shi da ɓera, kada a riƙa buɗewa.

A cikin yaran akwai wani maraya, kakarsa ke riƙonsa. Shi na ɗora a kan shanyar waken da kaka, don yaro ne mai natsuwa. Ban ankara ba sai na ga ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin leda. Ashe ranar da na kawo kwanon nan ya ɗebi kaɗan ya ɓoye. Ya miƙa wa dattijon da hannu biyu ya ce, "Baba, ga namu. Buhu huɗu ƙwari suka cinye muna."

Dattijon ya zuba a tafin hannunsa, ya hure garin, ya juya ƙwayoyin da yatsa. Ya tambayi wane iri suka shuka, suka gaya masa. Yaushe aka yi roro? Suka ce watan goma. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai kusa da idonsa. Waken bara na gida ne, ƙwayarsa ta fi girma, idonsa ma daban. Yaro ba zai lura ba bayan ya huje ya dafe, amma mutumin da ya yi shekaru yana aikin iri ba zai kasa ganewa ba. Ya ce, "A ina aka ajiye?" Suka haɗa baki, "Gidan Malam." Ya ɗago ya dube ni. Ba doguwar kallo ba ce. Ni dai na ji gumi ya tsattsafo mini har tafin ƙafa.

Sai ya mayar da waken cikin ledar ya ce, "Wataƙila ya haɗu da tsohon wake. Yakan faru." Bai ƙara ba.

Yaron bai bar shi ba. Ya ce, "Baba, ba don shanya ba ta yi ba ne? Ni aka ba shanya. Rana guda na kwashe da wuri, kakata ba ta da lafiya." Muryarsa na rawa. Wani abokinsa ya ce ai tun ranar yake cewa shi ya jawo, har azumi ya yi. Dattijon ya dafa kansa ya ce, "Ɗana, ba laifinka ba ne. Na rantse maka ba laifinka ba ne." Ya ɗauko sabon buhu guda ya ba shi kyauta. Yaron ya rungume buhun ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce, "Malam, bana ba za su ci muna ba."

Da azahar na jera su a gindin wata bishiya na ja su salla. Allah ya sa ta ɓoye ce, don da ta bayyane ce ban san ko murya za ta fita ba. Ba mu kwana ba, ba mu ga kamun kifin a kogin Matan Fada ba, daga baya muka ji a rediyo cewa kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. A mota suna ta waƙa, ni ina gaba na jingina kai da gilashi kamar mai barci.

Mai karatu zai zaci washegari na je na faɗi gaskiya. Ban je ba. Kwana kaɗan bayan nan aka rufe makarantu saboda korona, na ji kamar an sauke mini dutse. Na ce Allah ya ba ni lokaci. Ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, na ƙudura in na girbe zan sayi wake in kai makaranta a matsayin gudummawa, a yaba mini ma. Azumi ya zo a ƙarshen Afrilu. Ina biya wa 'ya'yana Ahalari a gida, muka zo inda yake cewa bai halatta mutum ya jinkirta tuba ba, kada ya ce sai Allah ya shiryar da ni, don wannan alamar taɓewa ce da shafewar basira. Na karanta, na fassara, na wuce. A cikin yaran nan 41 akwai marayu biyar, na kuma san abin da Suratun Nisa'i ta ce game da masu cin dukiyar marayu. Sani bai taɓa yi mini ƙaranci ba.

A ƙarshen Agusta zuwa Satumba ruwa ya zo. Ambaliyar shekarar nan duk manomin Kebbi ya san ta, ta kwashe shinkafar fadama daga wannan gari zuwa wancan. Na tsaya a kan tudu ina kallon inda gonata take, ruwa shimfiɗe kamar gulbi, ko kan ganye babu. Ba zan ce don ni aka yi ambaliya ba, dubban bayin Allah da ba su ci na kowa ba sun yi asara fiye da tawa. Abin da na sani shi ne hanyar ɓoyewa ta toshe.

Daren nan na gaya wa maiɗakina. Tana ninke kaya, ta tsaya cak. Ta ce, "Malam, da waken yara aka yanka ni?" Na ce e. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Da ka tambaye ni ina kwancen nan, da na ce ka je ka roƙa. Wata takwas kana kallona ba ka faɗa ba." Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Rana ta huɗu ta ja tunkiyarta ta ba ɗanmu ya kai kasuwa, ta ajiye kuɗin a kan buzuna ta ce in fara da wannan, kuma in je wurin liman kafin rana ta faɗi.

Na tarar da shi a zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo da magana mai nauyi." Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Ya aika aka kira hedimasta. Hedimasta ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce shekara goma sha ɗaya muna tare, amma shawararsa a rufe, in biya a ɓoye, don in maganar ta fita iyaye za su janye yara, su ce ga malamin addinin ma. Gaskiya na so hakan. Liman ya ce a wake za a iya rufewa, amma akwai yaron da ke ɗauke da laifin da ba nasa ba, wannan da me za a biya shi? Ya kuma yanke cewa wake na ɗauka, wake zan mayar, buhu huɗu, ko nawa ya kai, ba kuɗin da dillali ya ba ni ba.

Da aka koma makaranta aka tara kwamitin iyaye da yaran a aji guda. Na tsaya inda na saba tsayawa. Na ce ƙwari ba su ci wakensu ba, ni na sayar, wanda na nuna musu na bara ne daga madafin gidana. Na kira maraya nan na ce shanyarsa ta yi, ya yafe mini. Bai ce komai ba, ya dube ni ya dubi ƙasa. Kakarsa ce ta yi magana daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗan nan, yaron ga wata biyu bai ci abincin kirki ba." Mai shanun nan kuwa ya tashi yana karkaɗe riga ya ce, "Malam, mu kam ka raina mu. Da ka buɗe baki, wallahi buhu biyar ɗin da kanmu za mu ce ka ɗauka." Wannan maganar ta fi zagi zafi. A nan na tuna Baba tsugune a ƙofar mai gari.

An karɓe darasin addini daga hannuna aka ba wani matashi, aka bar ni da lissafi da aikin gona. Liman ya yi tafiya sau biyu a shekarar, ba a tura ni gaba ba, ni ma ban matsa ba. Iyaye uku sun cire 'ya'yansu. Samarin gari suka laƙaba mini Malam Ƙwaro, in na wuce majalisarsu sai wani ya yi tari ya ce a rufe buhu. Har yau wasu yara da shi suka san ni, ba su ma san asalinsa ba. A 2021 wake ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, buhun da na sayar a wulaƙance sai da na saye shi ninki biyu da wani abu. Wata goma sha huɗu na yi ina biya, tiya-tiya, ana aunawa gaban kwamiti ana rubutawa. Da kuɗin aka yi benci aka sa wa ɗakin ajiya ƙofar ƙarfe. Makullinta biyu ne yanzu, ɗaya a hannun hedimasta, ɗaya a hannun wata uwa daga kwamiti. Ni na roƙi a yi haka.

Maraya nan ya yafe mini, amma ba a ranar ba. Sai da ya shiga sakandare, ya zo hutu, ya same ni a gonar makaranta ina nuna wa yara yadda ake matse iska daga leda. Ya tsaya ya kama mini bakin buhun muka ɗaure tare. Da zai tafi ya ce, "Malam, ya wuce." Shi ke nan abin da ya ce.

Wake ya koma, amma yara 29 ba su je Argungu ba. Shekarar da ta biyo baya ba a yi bikin ba, 'yan aji shida suka fita, kowa ya kama gabansa. Yarinyar nan mai roro ba ta ci gaba da karatu ba, an yi mata aure a wani ƙauye kusa da mu. Kwanakin baya na haɗu da ita ranar kasuwa, da goyo a bayanta da tiren ƙuli-ƙuli a ka. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta tambayi mutanen gida. Har ta miƙe za ta tafi sai ta juyo ta ce, "Malam, wai da gaske ne akwai injin da ke yanka shinkafa ya sheƙe ta shi kaɗai? Ƙawayena sun faɗa mini tun lokacin, na ce ƙarya suke."

Na ce da gaske ne. Na ajiye kekena a jikin rumfa, na kwatanta mata tsawonsa da hannu, na nuna mata ta inda yake haɗiye shinkafar da ta inda take fitowa. Ta saurara baki buɗe, yaron bayanta yana jan hijabinta. Da na gama ta ce, "Ikon Allah." Ta gyara tirenta, ta shiga cikin kasuwa.